Bakandamiyar Shata a Hannun Wasu Makaɗan Kalangu na Ƙasar Ringim

A ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura akwai wata ƙungiyar makaɗan kalangu da masu biki ke ɗauka daga kaka har zuwa faɗuwar ruwan farko. Su bakwai ne: mawaƙi, masu manyan kalangai biyu, mai ɗan karɓi (ƙaramin kalangu), mai kuntuku (ƙaramar ganga mai fuska ɗaya), sanƙira mai shelar masu kyauta, da yaro mai kula da lasifika da janareto. Suna da nasu waƙoƙin, na manoma da na mahauta da na amare, kuma ba laifi. Amma ba don su ake biyan kuɗin mota ana ɗauko su daga nesa ba. Abin da ake nema a wurinsu shi ne Bakandamiyar marigayi Alhaji Mamman Shata, kuma a kanta za mu fi tsayawa, kafin mu zo ga abin da mai ɗaukarsu ya kamata ya tanada.

Waƙa ce mai wuyar taɓawa. Shata, haifaffen Musawa a 1923, ya rasu ranar 18 ga Yunin 1999 aka binne shi a Daura, amma muryarsa ba ta taɓa barin kunnen mutane ba, daga faifan garmaho zuwa kaset, daga rediyon Kaduna zuwa wayar hannu. Duk dattijon da ke zaune a sahun gaba ya san inda kalangu zai faɗa da inda amshi zai shigo tun kafin a iso wurin. Bugu ɗaya ya kauce, za ka ga kawuna suna girgizawa. Wanda ya ɗauko wannan waƙa a gaban irin waɗannan mutane ya san cewa da ma'auni suka zo.

Yawancin masu maimaita waƙoƙin Shata rami ɗaya suke faɗawa, wato kwaikwayon murya. Mutum zai danne maƙogwaro don ya samo kaurin da ba nasa ba. Minti biyar na farko jama'a su yi ta mamaki, daga nan murya ta fara dushewa, numfashi ya gajarce, sai ya riƙa yanke baiti a tsakiya don ya shaƙi iska, ƙarshen kalmomi kuma ya riƙa ɓacewa. Mawaƙin wannan ƙungiya bai bi ta nan ba. Muryarsa siririya ce, ta fi ta Shata tashi sama nesa ba kusa ba, kuma bai ɓoye ta ba. Abin da suka yi shi ne ɗaga ɗaurin kalangai ya dace da ita, ta yadda zai rera a inda maƙogwaronsa yake zaune lafiya. Shi ya sa yake kai minti 20 zuwa 25 yana waƙar, kalmar ƙarshe tana fita tas kamar ta farko.

Rami na biyu ya fi zurfi. Bakandamiya kirari ce, mutum ne yake faɗin kansa da fifikonsa a kan sauran mawaƙa. A bakin mai ita, gaskiya ce da duniya ta shaida, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. A bakin wani kuwa, in ya ce ni ne kaza, ni na yi kaza, ƙarya ce da kowa a filin ya san ƙarya ce, kuma waƙar kirari ba ta tsayuwa a kan ƙarya. Dabarar wannan mawaƙi ita ce mayar da kirarin ya zama yabo: duk inda mai waƙar ya ce ni, shi sai ya ce shi, inda ya ce na yi sai ya ce ya yi. Wannan sauyi bai taɓa karin waƙar ko kaɗan ba, domin tsawon gaɓar da tashin sautinta ɗaya ne a duka biyun, don haka kalangu yana faɗin abin da ya saba faɗa, bugu bai ƙaru ba bai ragu ba. Akwai dattawan da ba su son haka, sun fi so a rera ta yadda suka ji ta a kaset. Muna girmama ra'ayinsu, amma muna ganin mawaƙin ne ke da gaskiya. Shi kansa Shata bai riƙe waƙar a siffa ɗaya ba, yakan ƙara ya rage gwargwadon wuri da mutanen da ke gabansa. Kuma da wannan sauyi waƙar ta sami wani nauyi da ba ta da shi a da: ta zama shaidar ɗan baya a kan na gaba, ana jin kewa a cikinta ba tare da an mayar da ita waƙar makoki ba.

Sai dai ba a bakin mawaƙi ƙarfin wannan maimaici yake ba, yana hammatar makaɗa.

Kalangu ice ne da aka fafe, mai siririn ƙugu, fuska biyu na fatar akuya, tsarkiyoyi na fata sun haɗa fuskar gaba da ta baya. Makaɗi ya matsa tsarkiya da hammata, fata ta ɗame, sauti ya hau; ya saki, sauti ya sauka. Da haka yake bin hawa da saukar maganar Hausa har mai sauraro ya ji kalma. Kalangan wannan ƙungiya na icen alilliba ne, marar nauyi, mai amo. Babban makaɗinsu dattijo ne da sauran ke kira Baba, kuma aikinsa ya isa a zauna a kalla shi kaɗai. Yawancin samarin makaɗa matsi biyu suka sani, a ɗame ko a sake. Shi yana da na tsakiya, yana kuma iya bugawa a ɗame ya saki tun sautin bai mutu ba, sai ka ji ya gangaro daga sama zuwa ƙasa a bugu ɗaya. Wannan gangarowar ce ke sa kalangu ya yi magana maimakon ya yi ƙara kawai. Gularsa ma, wato sandar kiɗansa, gajeriya ce, bakinta a lanƙwashe sosai, an naɗe kan da fata mai laushi, don haka ba ka jin ƙwas ɗin ice a kan fata, sautin ne kawai ke fita. Yatsun hannunsa na hagu ba su zama banza, suna taɓa gefen fata suna kashe amon da ba ya so ya yi tsawo.

Kalangu na biyu an ɗaure shi ƙasa da na Baba kaɗan. Ba ya magana, gindi yake riƙewa, yana cike gurbin da na farko ya bari. In suka daidaita, kamar lugude ne a turmi ɗaya: taɓarya na tashi, ɗaya na sauka, ba su taɓa karo. Ɗan karɓi yana sama da su duka, yana yayyafa ƙananan bugu tsakanin baiti da baiti. Kuntuku kuwa, mai fuska ɗaya da ba a matsawa, sautinsa ɗaya ne tal, kuma shi ne ke riƙe da lokaci.

Ga yadda suke tafiyar da ita. Baba ne ke buɗewa shi kaɗai, kusan minti biyu, yana faɗin amshin waƙar da kalangu ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Kafin ya maimaita sau uku jama'a sun gane, ka ji ana ɗaukar amshin ƙasa-ƙasa daga bayan fili. Sai kuntuku ya shigo, sai kalangu na biyu, sai makaɗan su ɗauki amshi da bakinsu, domin a tsarin nan makaɗa su ne 'yan amshi. Mawaƙi ba ya shigowa sai amshi ya zagaya sau huɗu ya zauna daram. Saurin da suke farawa da shi bai kai wanda aka saba ji a kaset ba, da gangan suka ja shi baya, kuma hakan ya ba kowace kalma fili. Kashi na farko duka a wannan taku ake yinsa. Wajen minti na goma sai Baba ya fara matsa kiɗan gaba a hankali, ba a lura da lokacin da ya faru, sai dai ka ga ƙafafun mutane sun sauya. A tsakiya akwai wurin da mawaƙi ke yin shiru ɗungurungum, ya ja da baya taku biyu, ya bar kalangu ya faɗi baiti guda cikakke. Nan ne tsigar jiki ke tashi. Baitin da bakin mawaƙi ya mayar yabo, fata tana faɗinsa yadda mai shi ya faɗa, kuma kowa na cike kalmomin a ransa da muryar da ya sani. Sai a baiti biyu na ƙarshe ne mawaƙin ke ambaton ƙungiyarsa, ya yi godiya ga mai biki, ya roƙa wa marigayin gafara, kiɗa ya tsaya cak a bugu ɗaya, ba ja-ja-ja.

Amshinsu ya cancanci a yaba shi daban. Amshin Shata gajere ne, ana maimaita shi ba adadi, kuma haɗarinsa ke nan: bayan minti goma 'yan amshi su gaji, su fara cinye gaɓar ƙarshe, ko su shigo a makare da rabin bugu. Waɗannan mutum huɗu suna shigowa tare, suna rufe baki tare. Mawaƙi yakan tsallaka cikin amshi ya fara sabon baiti tun ba su ƙarasa ba, su kuwa ba su rage murya don ba shi hanya, ba su kuma rikice. Wannan ba ya samuwa sai an daɗe tare.

To, akwai aibu, kuma wanda zai kashe kuɗinsa ya kamata ya sani.

Na farko, mai kuntuku yaro ne, hannunsa na da kyau, amma yana gudu in jama'a suka yi shewa. Da yake shi ke riƙe da lokaci, in ya gudu kowa sai ya bi shi, sai waƙar ta kai ƙololuwarta tun a minti na goma sha biyu, sauran ya zama jan ƙafa. Baba yana dawo da shi da ido, wani lokaci da bugu biyu masu nauyi, amma in an zaunar da yaron a inda ba su ganin juna, ba mai dawo da shi. Saboda haka a tsara zama kamar rabin da'ira, kuntuku yana fuskantar babban kalangu, kada a jera su layi ɗaya miƙe.

Na biyu, sanƙira. Aikinsa ne ya faɗi wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar, kuma ba a raba makaɗa da sanƙira. A waƙoƙin amare da na mahauta katsalandan ɗinsa ado ne. A cikin Bakandamiya kuwa ɓarna ce: ana tsakiyar baiti sai a ji ya ɗauki makirufo yana ranka ya daɗe, Alhaji wane ɗan wane ya ba da kaza. Zaren waƙar ya tsinke, kuma ɗaura shi sai an koma amshi sau uku ko huɗu. Maganin wannan a hannun mai biki yake. A yi magana da shugaban ƙungiya tun kafin a fara, cewa a wannan waƙa ɗaya sanƙira ya riƙe sunaye sai an gama ya jero su. Suna yarda in an faɗa musu da ladabi, musamman in an tabbatar musu cewa masu kyauta sun san da tsarin.

Na uku shi ne mafi girma, kayan sauti. Suna da amfilifaya ɗaya, lasifika biyu na akwati, ɗaya mai ƙaho irin ta masallaci, da makirufo uku: na mawaƙi, na sanƙira, da guda ɗaya tal na makaɗa huɗu da amshinsu. Lasifika mai ƙaho don magana aka yi ta, tana kai murya nesa amma ba ta ɗaukar sauti mai kauri. Duk saukar kalangun da muka yaba a sama, in ta bi ta cikinta, ba abin da ke fita sai ƙwas-ƙwas. A ce su cire ta, ko a juya ta waje don masu tsayuwa a nesa. Makirufon makaɗa kuma yaro mai kula da lasifika yakan kafa shi kusa da kuntuku, wanda da ma shi ya fi kowa tsinin sauti, sai ya danne komai. Wurinsa shi ne tsakanin manyan kalangai biyu, daidai ƙirji, kamu ɗaya daga fuskar fata. In an karɓi na sanƙira a lokacin wannan waƙa, sai a ɗaga shi daidai baki a tsakiyar 'yan amshi, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan. Lasifika su kasance a gaban makirufo suna kallon jama'a. In suna bayan mawaƙi, sautinsu zai koma cikin makirufo ya yi ta zagayawa, shi ne kukan nan mai huda kunne da ake ji a bukukuwa. Abu na ƙarshe, yaron yana son amsa-kuwwa, yakan murɗa ta har rabi. Ga waƙar fiyano wataƙila ta yi daɗi, ga kalangu kuwa bugu ne ke hawa kan bugu har maganar ta dagule. A mayar da ita kusan sifili.

Gaskiya ma, in taron bai wuce mutum 150 zuwa 200 ba, kalangu ba ya bukatar lasifika sam. An yi shi ne don fili, mahauta da 'yan dambe sun daɗe suna tara kasuwa da shi ba wuta ba waya. A ba mawaƙi makirufo shi kaɗai, a rage ƙarfinsa har muryarsa ta zauna daidai kan kiɗa. A haka waƙar ta fi fita da kyau.

Janaretonsu ƙarami ne, kuma yana da ƙara. Gara mai biki ya samo mai ƙarfin kVA 2.5, ya ajiye shi taku 25 zuwa 30 daga fili, a bayan katanga, ta ɓangaren da iska ke tafiya ba inda take fitowa ba. Irin wannan yana shan kusan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, don haka lita 6 ta isa zaman awa huɗu. Wayar da za a ja ta zama mai kauri, domin siririya in ta yi tsawo wuta na raguwa a hanya. Kada a bari a jona firiza ko hita a kansa. Duk lokacin da firiza ta tashi wuta na faɗuwa, amfilifaya ta shaƙe, muryar mawaƙi ta yi gargada, mutane su ɗauka laifinsa ne.

Wuri ma yana da nasa hukunci. Rumfar kwano maƙiyiyar kalangu ce, tana mayar da sauti da ƙarar ƙarfe. Mafi kyau shi ne fili mai katangar ƙasa a bayan makaɗa, ko gindin babbar bishiya. A ba su benci ko tabarma. Kujerar roba mai hannu tana tokare gwiwar hannun makaɗi, ba zai iya matsa tsarkiya yadda yake so ba, kuma sau da yawa ita ake kawo musu don a girmama su.

Sai yanayi, wanda masu biki ba su cika tunawa da shi ba. Fata tana shan danshi tana saki, tana bushewa tana ɗamewa. A garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja da fadamunsa, raɓar dare a lokacin kaka tana sassauta kalangu cikin awa ɗaya, sauti ya faɗi ƙasa, mawaƙi ya tsinci kansa sama da kiɗa. Ƙungiyar na yawo da kaskon gawayi don gasa fata, sai a tanadar musu gawayi, a kuma yi haƙuri da hutun minti biyar da suke yi don haka. Gashi daga nesa ake yi, ana juyawa, ana gwadawa da yatsa. In aka kusantar da wuta fata na ƙonewa ta tsage. A tsakiyar hunturu kuma akasin haka ne: fata ta bushe ta ɗame fiye da kima, tsarkiya ta yi tauri tana iya tsinkewa a matsi mai ƙarfi. Suna shafa wa tsarkiya ɗan mai, ban da fuskar fata, domin mai na kashe amonta. Suna zuwa da kalangu ɗaya na ko-ta-kwana, wanda ba kowace ƙungiya ke yi ba, kuma wannan alama ce ta mutanen da suka ɗauki sana'arsu da gaske.

Ta fuskar mu'amala, mutane ne masu cika alkawari a kan lokaci, suna tsayar da kiɗa da an kira salla ba sai an ce musu ba, kuma ba su zambo ga wanda bai ba su ba. Tsarin biyansu kashi uku ne: kafin alƙalami da ake bayarwa lokacin da aka tsayar da rana, kuɗin mota zuwa da komawa, da abin da jama'a suka bayar a fili, wanda nasu ne duka. Abinci da masauki in za su kwana suna kan mai biki. A yi maganar kowane ɗaya a fili tun farko, a gaban shaida. Game da liƙi, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. A ajiye faranti ko ƙwarya a gaban makaɗa, mai kyauta ya sa a ciki. Wannan ya kuma hana mutane tsayawa a kan mawaƙi suna manna masa kuɗi a goshi yana tsakiyar baiti. A sanar da mai unguwa ko dagaci kafin ranar, domin wasu garuruwa suna da ƙa'ida a kan kiɗan dare.

Wanda ke son taron rawa na samari da 'yan mata daga farko har ƙarshe, ba waɗannan zai nema ba, ko kuma ya ce su tsaya a kan waƙoƙinsu na amare. Wanda ke da dattawa a cikin baƙinsa, bikin naɗin sarauta ne, ko walimar ɗaurin aure, ko taron manoma bayan girbi, ba zai yi da-na-sani ba. Da damina ba su cika karɓar gayyata ba, suna gona, kuma fata ba ta jin daɗin lokacin. Zama tsakanin La'asar da Magariba ya fi na dare, ba raɓa, ba a kuma bukatar fitila a kan janareto. Kada a ce su buɗe da Bakandamiya. A bari su yi waƙa biyu tukuna, murya ta buɗe, hannu ya yi zafi, masu zuwa a makare su zauna, sannan a nemi ita ta zama ta uku, da sauran aƙalla minti 40 kafin kiran salla.